Shekarar da Kulu Ta Ji Kiɗan Damina

Ku 'ya'yana da jikokina, na san kun sha jin labarin rabuwata da Baffanku Mamman a bakin mutane, kuma kowa da irin tasa. Wasu sun ce a kan gangar gado muka ɓata, wasu sun ce wa'azi ne ya tsorata ni na rage kiɗa, akwai ma wata tsohuwa a kasuwar Dogon Daji da ta rantse aljanu ne suka kafa mini doka. Duk babu ko ɗaya. Tunda yanzu yatsuna sun daina bin tsirkiyar goge, ƙafata kuma ba ta iya tayar da babur, gara in zauna in faɗa muku yadda abin ya kasance. Shekara guda ce, daga wata kaka zuwa ta gaba, kuma cikin duk shekarun da Allah ya ara mini babu wadda nake gode masa a kanta kamar ita.

Gidanmu na Jabo gidan makaɗan noma ne tun kakanni. Da mahaifinmu ya rasu, babbar ganga ta koma hannun Yaya Mamman, don shi ne babba kuma shi ke da ƙarfin damtse. Ni goge na kama, abin da ba a san gidanmu da shi ba, kuma ni ne mai kwaɗayin tara mutane. Na jawo mai kalangu, na jawo mai gurmi, na samo mata biyu masu kiɗan ƙwarya, sannan Allah ya haɗa ni da Bello, wani Bafillace mai sarewa da ke zama a rugar bayan gari. Da muka cika haka sai na shirya wani dogon kiɗa wanda babu yabon kowa a cikinsa, muka sa masa suna Kiɗan Damina. Yana farawa da zafin bazara, goge na kuka a hankali kamar iskar da ke zuwa daga gabas. Sai sarewa ta shigo da kukan tsuntsaye, sai caki ya fara yayyafi, matan nan su kife ƙwarya a cikin ruwa su fitar da muryar kwaɗi, daga nan hadari ya haɗu, Yaya ya saki ganga, ƙasa ta ɗauka. Manoma sun so kiɗan nan ƙwarai. Ana kiranmu Tambuwal, ana kiranmu ƙauyuka, da zamani ya zo kuma muka sayi lasifika da janareta kamar kowa, har ya zamana in muna kiɗa a wannan unguwa, akuyar waccan unguwa sai ta tsinke igiya.

Mutum ɗaya ne a gidanmu bai taɓa jin kiɗan ba, ita ce ɗiyata Kulu, wadda yanzu kuke kira Gwaggo Kulu. Waɗanda suka taso suka same ta tana tuƙa tuwo tana kiwon kaji ba za su gane yadda take a lokacin ba. Ta daɗe ba ta yi magana ba, da ta fara kuma sai kalma ɗaya ko biyu. Ba ta kallon idon mutum. In abu ya dame ta sai ta zauna tana rausaya gaba da baya, tana kaɗa hannu. Ƙara kuwa ita ce babbar abokiyar gabarta: da zarar an ɗaga ganga daga rataye, kafin a taɓa ta ma, Kulu ta toshe kunne ta shige ƙarƙashin rumbu, ba ta fitowa sai an jima da gamawa. Mutane suka ce iskokinta ne ba su son kiɗa. Mun sha hayaƙi, mun sha rubutu, daga baya innarku Atu ta matsa muka kai ta asibiti a Sakkwato. Likitan ya ce babu aljani ko ɗaya a jikinta, haka Allah ya halicci ƙwaƙwalwarta, ita ce larurar da ake kira galahanga a rediyo. Ya ce abin da mu muke ji kaɗan, ita da ƙarfi yake shigar mata, kamar a riƙa yi wa mutum ihu a cikin kunne. Bai ba mu maganin da zai sauya ta ba, ya dai ce mu koyi zama da ita yadda take. Amma yarinyar nan da ke gudun ganga, in aka je fadama sai ta zama wata daban. Takan zauna bakin ruwa tun hantsi, ta kwaikwayi kurciya, ta kwaikwayi makwarwa, ta kwaikwayi gauraka, har tsuntsun ya juyo yana neman ɗan'uwansa.

A kakar da nake ba ku labari, muna yankan dawa a gonar da ke bakin fadama, Bello ya biyo da shanunsa ya zauna ƙarƙashin marke yana hutawa. Ya zaro sarewa ya shiga busa wurin tsuntsayen nan na Kiɗan Damina, a hankali, don kansa kawai. Kulu tana can gefe tana jera karan dawa a ƙasa. Sai muka ji kurciya ta amsa masa. Bello ya sake busawa, kurciya ta sake amsawa, muka duba, ashe Kulu ce. Ta taso ta zo ta tsaya a bayansa, nesa kaɗan, fuskarta tana kallon wani wajen. Da ya ajiye sarewar, sai ta ce:

"Kuma."

Bello ya dube ni, na dube shi. Ya sake ɗauka ya busa har sai da shanunsa suka shiga gonar maƙwabci.

Da muka koma gida da la'asar, Atu tana tankaɗe a tsakar gida, na ba ta labari ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ajiye rariya ta ce:

"Malam, kai ka ga abin dariya. Kun shirya kiɗa kan tsuntsaye da kwaɗi da ruwan sama, abin da yarinyar ga ta hi so duk duniya. Duk ƙasar ga an ji shi, ita ɗai ce ba ta ji ba."

Na ce, "To mi za ni yi? Ganga ce ba ta so."

Ta ce, "Ba ganga ba ce, ba-zata ce ba ta so. Kai ba ka lura ba don ba ka zama gida in ana ruwa. In tag ga walƙiya sai ta toshe kunne ta jira, in tsawa ta wuce ta buɗe tana dariya. Walƙiya na gaya mata abin da ka zuwa. Ku ko ba ku gaya ma kowa komi."

Maganar nan ta zauna mini a rai har muka gama kai amfani gida. Daga ƙarshe na tara abokan kiɗa a zaure na gaya musu abin da nake so: mu riƙa yin wani zama na daban, da safe, a bakin fadama, ba lasifika, ba janareta, ba roƙo, ba kirari, a yi Kiɗan Damina a hankali don Kulu da masu irin larurarta, don na san ba ita kaɗai ba ce, ɓoye su ake yi a ɗaka. Na ce ganga kuma a naɗe ta da zane, a buga da tafin hannu. Kowa ya juya ga Yaya Mamman. Ya daɗe yana murza gemu, sannan ya ce:

"Ɗanjimma, Kulu ɗiyata ce kamar yadda take ɗiyarka. In jinina taka so, in ba ta. Amma gangar ga ubanmu bai taɓa rufe mata baki ba, ni ko ba ni farawa. In an naɗe ta da zane, to ba ganga ba ce, matashin kai ne."

Na ce, "Yaya, na safiya ɗaya ne."

Ya ce, "Safiya ɗaya ta isa a ce gidan ga sun koma kiɗa ma masu taɓin hankali. Wa ka sake kiranmu biki?"

Ban ɗaga masa murya ba, shi ma bai ɗaga mini ba. Ku riƙe wannan, don shi ne mutane suka fi ƙarawa gishiri. Na ce zan yi ko da goge kaɗai ne. Ya ce to shi ba zai zauna ya ga ana nuna gidan ubansa da baki ba. Bayan sallar Juma'a ya ɗaure ganga a bayan babur, ya ɗauki iyalinsa ya koma Kebbe, inda surukansa suke. Mai gurmi ya bi shi, lasifikar ma na ce su tafi da ita.

Abin da Yaya ya hango kuwa ya faru. Ranin nan kiran biki ya ɗauke mana, don babu mai son makaɗan noma da ba su da babbar ganga. A kasuwar Tambuwal na ji da kunnena wani mai sayar da taki yana ce wa abokinsa ga sarkin kiɗan mahaukata nan ya zo. Na koma noman albasa a fadama, ni da na saba a tarbe ni da tabarma. Atu ta shiga yin ƙuli-ƙuli tana aikawa kasuwa, ba ta taɓa ce mini ka ga abin da ka jawo mana ba. Ita ce ma ta ɗauki aikin da ni ba zan iya ba, wato shiga gidaje. Ta haɗa kai da Dije, wata mai tallan nono daga rugar su Bello, wadda ta san kowane gida da abin da ke bayan labulensa. Ita kanta Dije tana da ɗa, Buba, ƙato ne har ya fara gemu, ba ya magana sai gunaguni, amma duk garkensu babu saniyar da ba ta san muryarsa ba. Atu da Dije suka riƙa bi gida gida suna lallashin uwaye. Wasu suka kore su, wasu suka ce ba su da irin wannan yaro alhali ana jin motsinsa a ɗaki, wasu kuma suka fashe da kuka suka ce za su zo.

Zaman farko mun yi shi a ƙarshen bazara, shamuwa ta riga ta iso. Muka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin mangwarori, da tazara tsakaninsu, muka kafa wata rumfa can nesa don wanda abin ya yi wa yawa ya je ya huta. Mutane ba su fi cikin zaure ɗaya ba. Na tashi na ce wanda ya ga dama ya zauna, wanda ya ga dama ya yi yawo, wanda zai yi ƙara ya yi, babu mai tsawata wa kowa. Atu ta riƙe farin zane, shi ne walƙiyarmu: duk lokacin da kiɗa zai ƙara ƙarfi, za ta ɗaga shi tukuna. Na fara goge. Bello ya shigo. Wallahi ban taɓa yin kiɗa a gaban masu saurare irin waɗannan ba. Wani yaro ya kwanta ruf da ciki ya manna kunnensa a ƙasa. Wata yarinya tana zagaya bishiya tana taɓa ta duk zagaye. Buba yana gunaguni, kuma gunagunin nasa daidai yake da muryar gogena. Kulu ta zauna a tabarmar ƙarshe ta ba mu baya, amma da sarewa ta yi kurciya, ta amsa. To, nan ne wata tsohuwa da ta rako jikanta, daɗi ya kama ta ganin yaron ya yi murmushi, ta miƙe ta rangaɗa guɗa. Cikin ƙiftawar ido wurin ya watse. Kulu ta faɗi tana ihu tana cizon hannunta, Buba ya zabura ya nufi daji uwarsa na binsa, tsohuwar ta tsaya riƙe da baki tana salati.

Na naɗe gogena na ce a raina shi ke nan, na raba gida a banza. Washegari da hantsi sai ga Dije da ƙwaryar nono a kai, ƙafafunta duk ƙaya ta yage su. Na fara ba ta haƙuri, ta katse ni.

"Malam, bar haƙurin nan. Tun da na haifi Buba, ko suna ko biki ba a taɓa cewa in zo da shi ba. Jiya ya zauna cikin mutane har rabin kiɗa. Da muka koma ruga, yana ta yin muryar gogenka ga shanu. Yaushe za a sake?"

Muka sake bayan ruwa ya sauka, shuka ta fito. Wannan karon tsohuwar nan da kanta ta tsaya bakin hanya tana gaya wa duk mai zuwa cewa ba a guɗa, ba a tafi, in abu ya yi maka daɗi ka ɗaga hannu ka kaɗa yatsu, yadda yaran suke yi. Atu kuma ta koya mini in riƙa faɗin abin da ke tafe kafin a fara: yanzu iska, bayanta tsuntsaye, bayansu yayyafi. Mutane sun ƙaru, har da wani malamin makarantar allo da ya kawo ƙanensa ya zauna nesa yana jan carbi. Aka yi kiɗa daga farko har ƙarshe babu wanda ya gudu, sai biyu da suka je rumfa suka huta suka dawo. Wurin hadari kuwa, tunda babu ganga, mai kalangu ne ya ɗan yi gurnani da nasa muka wuce. Ina ta murna ina naɗe kaya, sai ga Kulu a gabana, tana kallon ƙafata.

Ta ce, "Baba, ina cida?"

Na ce, "Ai ga ta nan an yi, da kalangu."

Ta girgiza kai. "Ba ita ba ce. Ta Baffa."

Ashe duk shekarun nan da take ƙarƙashin rumbu da yatsu a kunne, tana ji, kuma ta san inda ganga take shigowa. Ta san ruwa ba ya sauka sai an yi cida, wato rugugin nan na hadari, kuma ba ta yarda a ba ta damina da giɓi ba.

Na hau babur na nufi Kebbe a tsakiyar damina. Kun san hanyar, ba sai na faɗa ba. Sau biyu ina sauka ina tura babur cikin laka. Na tarar da Yaya a wata gonar gero yana yi wa 'yan gayya kiɗa, gumi ya jiƙe masa riga. Da ya gan ni bai tsaya ba sai da suka kai ƙarshen kunya. Muka gaisa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ban roƙe shi ya dawo ba. Na dai maimaita masa maganar Kulu yadda ta faɗe ta. Ya juya baya yana gyara tsirkiyar ganga, wadda ni na ga babu abin da ya same ta. Can ya ce:

"Ita tac ce haka? Da bakinta?"

Na ce, "Awo."

Ya ce, "Ka gaishe ta. Ka tashi ka kama hanya tun hadarin can bai tare ka ba."

Iyakar abin da na samu ke nan, na dawo ban san ko na yi nasara ko na faɗi ba.

Bayan an yanke gero muka sa ranar zama na uku, na aika wa Yaya da saƙo ta bakin wani mai babur, ban ji amsa ba. Ranar da safe muna shimfiɗa tabarmi, mutane na isowa a kan babura da amalanke, har daga Dogon Daji, sai na ji Bello ya ce in duba hanya. Yaya Mamman ne, ganga a bayan babur, babu zane a jikinta. Kulu na ganin gangar ta kai hannu kunne. Ya sauka nesa da mutane, ya yafito ni da hannu.

"Kada ka ce komi, Ɗanjimma. Ba ni naɗe ta, na gaya maka. Amma ran nan ina gona hadari ya taso can wajen yamma, nesa ƙwarai, ina jin cida tana birgima, ko tsuntsu bai tashi ba. Nic ce ashe ba sai an rage mata murya ba. Ni ne za ni nisa." Ya nuna wani tudu a ƙetaren fadama. "Can za ni tsaya. Ka ce ma Atu ta ɗaga zanen nan sama sosai, idona ba kamar da ba ne."

Ya naɗe ƙafar wando, ya ɗora ganga a ka, ya shiga ruwa. Muna kallonsa yana ratsa laka har ya zama ɗan ƙarami a kan tudu. Muka fara. Iska ta wuce, tsuntsaye suka wuce, Kulu na amsawa, yayyafi ya sauka, kwaɗi suka ɗauka. Na ce da mutane, yanzu cida na zuwa, ta Baffa. Atu ta hau kan turmi ta ɗaga farin zane da hannu biyu. Yara suka toshe kunnuwa, wasu uwayen ma suka toshe. Muka ga hannun Yaya ya tashi ya sauka, sai bayan ɗan lokaci muryar ta iso mana, ta biyo kan ruwa, mai kauri, mai taushi, tana birgima kamar daga bayan duniya. Da dukkan ƙarfinsa yake bugawa, na san bugun ɗan'uwana, amma kafin ta ƙetaro fadama duk kaifin ya zube, sai nauyin kawai. Kulu ta sassauta yatsa ɗaya. Ta sassauta na biyu. Ta sauke hannuwanta a cinya, ta juyo, karo na farko ta fuskanci makaɗa, ta ɗaga fuska sama tana dariya kamar ruwa na zuba mata. Ni dai ban san yadda na ƙarasa gogen ba. Da aka gama wurin ya yi tsit, sai hannuwa a sama, yatsu na kaɗawa, har da na malamin allon nan da carbinsa.

Yaya ya ratso ruwa ya dawo, laka har gwiwa, yana haki. Bai tambayi kowa ba sai Atu.

"Ta ji?"

Kafin ta amsa, Kulu ta taso ta zo da kanta. Ba ta dube shi ba. Ta miƙa tafin hannu ta ɗora a kan fatar gangar, ta bar shi a nan, ta ce:

"Baffa, ruwa ya zo."

Yaya ya ja hularsa ya rufe fuska. Mutum ne da ban ga hawayensa ba ko ranar da muka binne mahaifinmu.

Na so ya kwana, na so ya dawo gida gaba ɗaya, na faɗa masa. Ya ce a'a, ya riga ya yi gona a Kebbe, mutanen can sun riƙe shi da mutunci, ba zai watsar da su ba. Kiran biki ma bai dawo mana kamar da ba, na ƙare rayuwata rabi makaɗi rabi mai albasa, kuma ban yi da-na-sani ba. Ina gode wa Allah da ya ba ni Atu, wadda ta ga abin da ban gani ba, da Dije da Bello, da tsohuwar nan mai guɗa da ta zama mai gadinmu har ta rasu. Ina gode masa da ya ba ni wa mai taurin kai, don da ya bi maganata ya naɗe ganga da zane, da Kulu ba ta taɓa jin cida ta gaskiya ba.

Ranar dai Yaya ya ci tuwo, ya yi azahar, ya ɗaure gangarsa a bayan babur. Na raka shi har bakin hanya. Ya tayar da babur, ya ɗan tafi, sai ya tsaya ya waiwayo.

"Baɗi ku sanar da ni da wuri," in ji shi. "Fatar ga ta tsufa. In sa sabuwa, ta hi kai nesa."

Kuma ya zo baɗin, ya zo wadda ta biyo, bai taɓa fashi ba har shekarar da ƙafarsa ta kasa ratsa fadama, 'ya'yansa suka ɗauke shi a kafaɗa suka ƙetare da shi. Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta.